Sawun da ke kan siminti

Akwai wani mai gida da yake da ɗa tilo. Ranar da aka zuba wa tsakar gidansa siminti, yaron yana koyon tafiya, sai ya kufce wa uwarsa ya taka simintin tun bai bushe ba. Magini ya so ya shafe, uban ya hana. Sawun ya bushe a wurin, ɗan mitsitsi kamar ganyen gwaiba.

Yaro ya girma ya yi aure. Wata rana magana ta haɗa shi da ubansa a kan gona, kowa ya faɗi abin da ba ya kwasuwa. Uban ya sa aka ja katanga ta raba gidan biyu, ɗan ya fasa ƙofarsa ta wancan layi. Shekaru suka shuɗe ba ko gaisuwa. Amma kowace safiya tsohon yakan share sawun nan da tafin hannunsa, ya zauna yana sauraron muryar jikokinsa ta bayan katanga. Kewar ɗansa tana cinsa ƙwarai, sai dai girman kai rawanin tsiya ne, ya kuwa naɗa shi da kyau.

Ana nan sai bututun ruwan da ya bi ta ƙarƙashin tsakar gidan ya tsage, famfo ya koma ɗigo. Duk mai gyaran da ya zo sai ya ce dole a fasa simintin, daidai kan sawun. Tsohon ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, ya koma sayen ruwan 'yan garuwa.

Sai aka kawo masa wani mai gyara wanda ba ya haƙa ƙasa. Ya ce yakan zura wani dogon ƙyalle da aka jiƙa da danƙo cikin tsohon bututun, ya hura masa iska ya manne, in ya bushe ya zama sabon bututu a cikin tsohon. Tsohon ya yi murna har ya miƙa masa kujerarsa.

Mai gyaran ya ce, "Amma Baba, sai an buɗe bakin bututun duka biyu. Ɗaya yana nan, ɗayan yana bayan katangar can."

Tsohon ya tambaya ko ba ya yiwuwa ta gefe ɗaya.

"Abin da na zura ta nan, sai wani ya karɓa ta can."

Tsohon ya miƙe. Ya sa hularsa, ya ɗauki sanda, ya zagaya layin. Ya tsaya a ƙofar da bai taɓa shiga ba, ya yi sallama. Wata 'yar yarinya ta leƙo ta dube shi, ta juya ciki ta ce, "Baba, ga wani tsoho yana nemanka."

Ma'anar wannan misali ita ce: bututun nan zumunci ne, mai gyaran kuwa Ubangijinmu Yesu ne. Ba ya farfasa abin da muke ƙauna kafin ya gyara mu, daga ciki yake sabuntawa. Amma ba ya gyara zumunci alhali baki ɗaya yana toshe. Ya ku ƙaunatattu, da yawa cikinmu muna riƙe da hoton wani, muna hawaye a kansa, mai hoton kuwa yana da rai, yana nan bayan katanga. Kowa ya san tasa katangar. Ku tashi ku zagaya yau, tun 'ya'yan gidan ba su tambaye ku ko ku su wane ne ba.