Reshen Keziya Ba Ganye

Akwai wani malami a wata makarantar ƙauye, mutum ne mai fasahar hannu. Yaran ajinsa sun ishe shi da ƙiriniya, shi kuwa ba ya son bulala. Sai ya samo karan dawa, ya fere, ya haɗa itace a jikin bango, ya yi wa kowane yaro reshe daidai da inda yake zama a aji. Ya yayyanka tsohuwar kalanda ganye-ganye, ya jiƙa ƙaro a gwangwani, ya ce, "Duk wanda na ga ya yi abin kirki, zan manna masa ganye."

Dabarar kuwa ta ci. Yaron da ko tsintsiya ba ya taɓawa a gidansu, sai ga shi yana kokawar shara. Malam har wani taƙama yake yi, kun dai san halinmu malamai in abu ya yi mana kyau.

Ana saura kwanaki a yi hutu, iyaye suka zo ganin itacen. Cikinsu akwai wani manomi, mahaifin wata yarinya mai suna Keziya. Ya tsaya ya daɗe yana duban reshen 'yarsa, fayau, ko ganye ɗaya babu. Ya ce, "Malam, wata uku ba ta yi abin kirki ko sau ɗaya ba? To, gara ta dawo gona, ga gyaɗa can tana neman hannu." Yarinyar tana tsaye a gefe, kanta a sunkuye.

Malam ya ce, "Baba, ka ba ni mako guda."

Da aka tashi, ya tsaya gaban itacen yana ta kallo. Abin ya ɗaure masa kai. Rassan dama sun cika har suna rinjaya, na hagu kuwa ɗai-ɗai, na can ƙurya ba komai. Ya ce a ransa, "Yaya aka yi yaran kirki duk suka taru a gefe guda? Wa ya jera su haka?" Ya juya ya dubi ajin, sai idonsa ya faɗa kan kujerarsa. Tana bakin ƙofa ta dama, inda iska take shigowa. Nan yake zama tun farkon zango.

Washegari ya ɗauki kujerar ya kai ƙuryar hagu, inda kwanon rufi ke zubo zafi. Bai daɗe da zama ba ya ga Keziya tana karanta wa maƙwabciyarta rubutun allo a hankali, domin idon waccan ba ya gani daga nesa. Sai waccan ta gama rubutawa sannan Keziya ta soma nata. Malam ya tambayi maƙwabciyar, "Tun yaushe take yi miki haka?"

Ta ce, "Kullum ne, Malam."

Kunya ta kama shi ƙwarai. Ya ɗauki ganye zai manna, sai Keziya ta ce, "Malam, me na yi?" Da gaske take tambaya, domin ta riga ta yarda ita ba ta da kirki.

Da yamma ya bi mahaifin har gona, ya ce, "Baba, ka bar ta a makaranta. Itacen nan ba halin yara ya nuna ba, inda nake zama ya nuna." Mutumin ya jingina fartanya, ya ce, "Ni kuma kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Malamin nan mu ne, iyaye da malamai da dattawan ikkilisiya. Ganyen shi ne yabon da muke rabawa. Yabo abu ne mai kyau, kada wani ya je ya ce na hana. Amma mukan zauna inda ya yi mana daɗi, mu yaba wa wanda ke gabanmu, sa'an nan mu yanke wa na nesa hukunci. Allah yana ganin kowace ƙurya, mu kuwa sai mun tashi mun je. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, yaro yakan gaskata abin da babba ya faɗa a kansa. Akwai wanda kuka daɗe kuna cewa ba shi da amfani, wataƙila a gidanku yake kwana. Ku je ku zauna kusa da shi a wannan mako, tun bai gama yarda da ku ba.