Kalmar Garuba da Tafiyar Dapaong

Akwai wani akawu a Sokodé mai suna Garuba. A shekarar 1993, lokacin da yajin aiki ya rufe ofisoshin Togo, ya yi wata biyar babu albashi.

Kullum da hantsi yakan zauna gindin mangwaro da ƙamus na Turanci. In iska ta kaɗa ganye, sai ya ga kansa a wani farin ofis a Accra, fanka na juyawa a hankali, yana sa hannu a takardu.

Wata rana ya tsinci kalmar "defray", wato ɗauke wa wani nauyin abin da zai kashe. Ya yi ta juya ta a baki kamar alewa.

A lokacin ƙanwarsa Fulera ta kusa gama wankan jego a gida. Za a mayar da ita gidan mijinta a Dapaong da gara, kamar yadda aka saba. Da dangi suka zauna shawara, Garuba ya miƙe.

"Kowa ya huta. Ni zan yi defray ɗin komai."

Goggonsa Amariya mai sayar da wagashi, wato cuku, ta ce, "Me za ka yi, ɗan nan? Abin ci ne?"

"Goggo, wannan ba maganar kasuwa ba ce."

Ta ƙyale shi.

Lokaci ya ƙarato. Man fetur ya yi wuya, kuɗin mota ya ninka sau uku. Surukai suka aiko: ranar Laraba suna jira. Fulera ta daina cin abinci don tunanin gorin da za ta sha in ta isa hannu rabbana.

Ran Litinin Garuba ya rufe ƙamus, ya nufi rumfar goggonsa, ya durƙusa.

"Goggo, ba ni da ko dala."

"Na sani tun ran da ka miƙe. Tashi, ka biyo ni da kwando."

Suka bi kasuwa layi layi. Wata mai suna Salamata ta zuba musu shinkafa. Mai man gyaɗa ta cika kwalba biyu. Wata ta kawo sabulu, wata daddawa. Direban motar shanu da zai koma arewa babu kaya ya ce mai jego ta zauna gaba, kyauta.

Garuba ya hau baya, kan buhuna. Suka wuce shingayen sojoji, suka haye kogin Oti a Mango, ruwan na walƙiya kamar an shimfiɗa azurfa.

A Dapaong surukin Fulera ya riƙe hannunsa. "Malam Garuba, duk kai kaɗai, a wannan marra?"

Amsa mai daɗi ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta.

"Baba, ni dako kawai na yi. Bari in faɗa maka sunayen waɗanda suka haɗa kayan."

Darasi: Faɗin "na ɗauka" ba shi da nauyi, kayan ne ke da shi. Kada iliminka ya sa ka raina waɗanda za su tallafe ka ranar da ka gaza. Ku tura wa wani, ko zai amfana.