Marjori da Amyoyin Askadel

A zamanin da wani sarkin Ingila ya haramta addinin Katolika a ƙasarsa, an yi wata gwauruwa 'yar manyan gida, sunanta Marjori Tonli. Da aka matsa mata a birni, sai ta tattara iyalinta ta koma wani kwari da ta gada a arewa, inda ba kowa sai kyarketai da barewa. Kayan da ta fi ririta a tafiyar amyoyin ƙudan zuma ne guda bakwai. Ta sa aka share daji, aka gina gida da doguwar katangar dutse mai gurabe, kowane gurbi da amyarsa. Manoma suka biyo ta, har wurin ya zama ƙauyen Askadel. Kirarinta shi ne: "Marjori uwar amya, ga zaƙi ga harbi."

Mutanen yankin suna da wata al'ada. Duk abin da ya faru a gida, haihuwa ko mutuwa ko zuwan baƙo, sai an ƙwanƙwasa amya an shaida wa ƙudan zuma, kuma ba a yi musu ƙarya, don sun ce in an yi, ƙaura suke yi.

To, a bayan amya ta tsakiya akwai wata 'yar ƙofa ta wani ɓoyayyen ɗaki, a cikinsa kuma Marjori ta ɓoye Fada Kutbat, tsohon limamin Katolika da ya yi wa rabin mutanen kwarin baftisma. In aka kama shi, rataya ce. Manoman nan duk sun koma cocin sarki, amma kowa ya sani, kowa ya yi gum. Ni dai ina ƙaunarsu saboda wannan shirun.

Wata rana da hantsi dakarun sarki suka iso, shugabansu Jails Hawat, ɗan wani kwari na kusa. Suka birkice gida, ba su ga kowa ba. Jails ya tsaya gaban katanga, ya ce a kau da amyoyin. Manoma suka ce sai mai su ta yi musu magana tukuna. Shi kuwa ya san al'adar, ya san kuma ba za ta iya yi musu ƙarya ba, sai ya ce ta yi a gabansa.

Marjori ta ƙwanƙwasa sau uku, ta ce, "'Ya'yana, mun yi baƙi. Sun zo tafiya da Fada, yana bayanku."

An ce nan take ƙudan amyoyi bakwai suka ɓarke waje, rana ta dushe. Ƙudan ba su harbi kowa ba, suka taru suka lulluɓe ƙofar nan baƙi ƙirin. Jails ya daɗe yana kallo. Ashe uwarsa ma mai kiwon zuma ce, kuma hannun tsohon Fadan nan ne ya zuba masa ruwan baftisma yana jariri.

Ya cire hularsa ya ce wa Marjori, "Uwa, na duba. Ƙudan zuma kawai na gani."

Fada Kutbat ya mutu a kan gadonsa bayan shekara goma sha ɗaya. Zuriyar Tonli suna nan kan addininsu, katangar ma tana nan. Duk kaka idan an ɗebi zuma, akan raba kakin zuman kashi biyu, rabi ga cocin ƙauye, rabi ga ɗakin addu'ar Tonli, kuma da shi kowannensu yake yin kyandir ɗin da yake kunnawa.