Rantsuwa a Kan Tiyon Gas

An yi wani mutum a nan Dutse, ɗan kwangila, a shekarun da aka dawo da shari'a. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna raye. Mutum ne na sahun gaba a masallaci, hannunsa a buɗe yake in dai akwai mai gani.

Matarsa Halimatu Sa'adiya ta shekara goma sha tara tana hura icce, har hayaƙi ya ci mata ƙirji. Likita ya ce ta nisanci murhu. Ta roƙi mijin ya saya mata na gas. Ya saya, don abokansa duk sun saya.

Sai ya kira Lado, mai haɗa gas, wanda ya koyo sana'ar a Kano. Lado ya duba kicin ya ce: "Alhaji, ɗakin nan ba taga, sai an fasa. Tukunyar gas ɗin a waje za ta zauna cikin keji. Ga tiyo na ainihi, ga maɗaurin ƙarfe. Da kuɗin aikina, dubu huɗu da ɗari biyar."

Mutumin ya ce: "Kai Lado, ji tsoron Allah! Don ɗaura roba?" Ya sallame shi.

Ya 'yan uwa, a wannan makon ne fa aka buɗe gidauniyar masallaci, ya ba da naira dubu ashirin, aka kira sunansa a lasifika har sau uku. Ashe kuɗin ba su yi masa yawa ba. Tiyon kicin ne ba a shelarsa.

Ya je kasuwa ya sayi tiyon ban ruwa irin na 'yan lambu. Ya yanko robar tsohon tiyub ɗin babur, wadda ake ɗaure kaya da ita, ya naɗe bakin tiyon tam. Ya shigar da tukunyar cikin kicin don kada ɓarawo ya gani. Ya yi duk wannan ranar da matar ta tafi suna Kiyawa.

Da ta dawo ta yi ta murna, amma tana tsoro. Ta ce: "Alhaji, Ladon ne ya haɗa?"

Ya ce: "Wallahi shi ne."

Bayan kwana biyu ta ce tana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce sabon abu haka yake. Ta ci gaba da girkinta. Wace mace ce za ta ƙaryata mijin da ya ambaci sunan Allah?

Ranar Juma'a ya gayyaci abokansa cin abinci, su ga shi ma ya waye. Ya tafi masallaci da wuri. Ita kuwa ta buɗe kicin ɗin da ya kwana a rufe, ta ƙyasta ashana.

Har cikin masallaci an ji ƙarar.

Kwana huɗu ta yi a asibiti. Ba zan kwatanta muku jikinta ba, zuciyata ba za ta iya ba. Rana ta huɗu ta kira ƙanenta Misbahu, mijin yana tsaye a kanta, ta ce: "Kada a wahalar da Lado. Kuskure ne, na yafe masa." Mijin yana ji. Da kalma ɗaya zai nemi tasa yafiyar, amma idon mutane ya ɗaure masa harshe. Kafin la'asar ta cika.

Maganarta ta bazu a gari. Aka daina kiran Lado aiki, ana nuna shi da baki. Misbahu ya kasa haƙura, ya kai shi kotun shari'a. Lado ya ce bai taɓa tukunyar ba. Alƙali ya sa aka kawo abin da ya saura na tiyon, ga baƙar roba ta narke a bakinsa. Ya dubi mijin ya ce ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa Lado ne ya haɗa.

Ya yi alwalar. Ya miƙa hannu, hannun ya ƙi ƙarasawa. Ya zube a ƙasa yana kuka: "Ni ne! Ni na ɗaura!"

Lado ya fita da mutuncinsa. Mijin kuwa, dangin matar suka kwashe 'ya'yan, kwangila ta tsaya, abokan da ya gayyata ba wanda ya sake taka zaurensa. Duk wannan bai dame shi kamar abu guda ba. Wanda ya zauna kusa da shi, magana ɗaya yake ji: "Ta yafe wa wanda bai yi ba. Ni ban tambaya ba."

Ya 'yan uwa, ba gas ne ya kashe baiwar Allah nan ba. Rowa ce a cikin gida, da riya a waje, da rantsuwar ƙarya da aka lulluɓe su da ita. Iyalinka amana ne. Haƙƙinsu yana gaban sadakar da za a yabe ka a kanta. In mai sana'a ya faɗa maka abin da zai tsare rai, biya shi. In kuma ka cuci wani, nemi gafararsa yau, tun yana iya amsa maka.

Allah ya jiƙan Halimatu. Allah ya kiyaye mu da neman yafiya a bakin kabari. Amin.