Agwagwar Katako da ke Kan Murhun Ardis

Akwai wata mata a garinmu, nan arewacin Minnesota, ana ce mata Tessa. Ba 'yar garin ba ce, aure ne ya kawo ta daga birni. Ta auri Dwayne Halvorsen, mai aiki a jirgin ruwan dakon ƙarfe, ta tare a gidansu na gado inda mahaifiyarsa Ardis take zaune.

Tessa ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Ciwonta ɗaya ne: duk abin da ta gani a waya ya zama doka, kuma ba ta iya sauraron mutum har ya kai ƙarshen maganarsa.

Abin da ya fi tsone mata ido a gidan shi ne murhun falo. Jan bulo ne da hayaƙi ya dafar. A kan kantar da ke samansa ga hotuna birjik, ga agogon da ya daina aiki, ga wata ƙatuwar agwagwar katako, irin wadda maharba ke ɗorawa a kan ruwa don ta yaudari agwagin daji. Marigayi Orville, mijin Ardis, shi ya sassaƙa ta da hannunsa.

Ardis takan tsaya a gabanta da kofin shayi ta ce, "Orville, yau fa akwai sanyi." Tessa sai ta taɓe baki, a ranta tana cewa tsufa ne.

Wata rana ta kasa haƙuri. Ta ce, "Mama, don Allah ki bari in gyara wajen nan. Duk wanda ya shigo sai ya ɗauka shagon gwanjo ne."

Ardis ta ce, "Ki gyara, 'yar nan, gidanki ne. Amma agwagwar nan, kin san ita..."

"Na sani, Mama. Baba ne ya sassaƙa ta. Kin faɗa."

Ardis ta ci gaba da shan shayinta.

Da lokacin kaka ya shigo, Ardis ta zame a matakalar ƙofar gida ta karye a ƙugu. Aka kwantar da ita a asibiti. Likitoci suka ce sai an yi mata aiki, amma zuciyarta ba ta da ƙarfi, sai sun ɗan lallaɓa ta tukuna. Dwayne kuwa yana tsakiyar ruwa, babu halin sauka.

Tessa tana zuwa asibiti, tana kai miya, wannan kam ba a raina mata ba. Amma da ta dawo gida ta ga falo babu kowa, sai ta ce ga dama ta samu.

Ta kwashe tokar murhu ta wanke shi tas. Ta shafa wa bulo farin fenti. Ta jera kyandirori a inda ake hura wuta, ta jingina madubi a kan kantar murhun, ta zuba ƙananan kabewa da busassun ganye a gefe. Gaskiya ya yi kyau, ni ma na ga hoton.

Hotunan iyali ta sauke su ɗakin ƙasa. Agogo da agwagwa kuwa ta sa su a kwali ta ajiye a bakin titi, yadda kowa ke yi da kayan da ya gaji da su, wanda ke so ya ɗauka. Kafin ta gama wanke buroshi, kwalin ya yi ƙafa.

Washegari da safe Dwayne ya kira ta.

"Tessa, sun ce yau da yamma za su shiga da Mama. Ba zan iso ba. Don Allah ki kai mata Baba, ta ce ba za ta shiga ba sai yana kusa da ita."

"Wane Baba?"

"Baba mana. Agwagwar."

Tessa ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Dwayne, katako ne fa."

Sai ya ce, "Kina nufin ba ki sani ba? Tokarsa tana ciki. Shi ya bar wasiyya, ya ce idan an ƙona gawarsa kada a sa shi a tulu kamar fure, a zuba shi a agwagwarsa. Mama ba ta faɗa miki ba?"

Da tulun tagulla ne irin na ajiye tokar mamaci da ake gani a kan kantar mutane, da Tessa ta gane tun ranar farko. Wa zai kawo a ransa cewa suruki yana cikin agwagwa?

Ta ce, "To, zan kai." Ta kashe wayar.

Ta fita ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Ta bi layinsu gida-gida tana ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan ya ce bai gani ba, waccan ta ce ita agogon kawai ta ɗauka, ko a dawo da shi? Tessa ta ce ta riƙe. Ta je shagon gwanjo, ta je inda ake zubar da shara, ta tsaya tana kallon tulin kwalaye, hawaye na zuba. Mai gadin wajen ya tambaye ta me ta yar. Ta juya ta koma mota.

A gidan mai ne matar da ke karɓar kuɗi ta ce, "Agwagwar katako? Jiya na ga irinta a bayan motar Lyle Tuominen. Amma yanzu lokacin harbin agwagi ne, ba za ki same shi a gida ba. Ki duba bakin tafkin da ke bayan gari."

Tessa ta tuƙa motar nan kamar za ta tashi sama. Inda hanya ta ƙare ta sauka da gudu, ta kutsa cikin taɓo da fararen takalmanta. Can ta hango tsoho Lyle zaune a kan kututture, ya hura 'yar wuta yana ɗumama hannu. Ga agwagwar a gefensa, a jiƙe.

Ta durƙusa ta rungume ta. Nan take ta ji ba ta da nauyi.

Lyle ya ce, "Ke ce matar Dwayne, ko? Ina wucewa na gan ta a kwali, na ce kai, wannan ai hannun Orville ne, ba zan bari motar shara ta tafi da ita ba. Tare muka yi ta harbi da shi a nan."

"Baba Lyle, abin da ke ciki fa?"

"Yashin? Ai shi ya hana ta zama a kan ruwa, sai kifewa take yi. Na cire toshin na zazzage shi can cikin ciyayi."

Tessa ta juya ta kalli inda ya nuna. Ruwa ne kawai, yana ta kaɗawa tsakanin ciyayi. Ta shiga har gwiwa tana lalube da hannu biyu, tana ɗebo laka tana dubawa, tana kuka. Lyle ya bi ta ya riƙo hannunta.

"Ke, lafiya? Ruwan nan zai kashe ki."

"Ba yashi ba ne, Baba. Orville ne."

Tsohon ya saki hannunta. Sannan ya cire hularsa, ya koma kan kututture ya zauna.

Wayarta ta yi ƙara. Daga asibiti ne, suna cewa tsohuwa tana ta tambaya, ta ƙi yarda a fara shirya ta. Tessa ta ce ga ta nan a hanya.

Idonta ya sauka a kan wutar Lyle. Ga toka nan, fara-fara, mai laushi.

Ta ce, "Baba, ka taimake ni. Zuciyarta ba ta da ƙarfi. Idan ta ji wannan maganar yau, ni na kashe ta."

Lyle ya ce, "Toka dai ga ta nan, ba zan hana ki ba. Amma babu hannuna a ciki. Ni tun muna yara na san Ardis, ban taɓa ganin wanda ya yi mata wayo ya sha ba."

Ba ta tsaya ji ba, dama ba ta saba ba. Ta ɗebi toka daga gefen da ya huce, ta haɗa da tsakuwa don nauyi, ta ɗura, ta mayar da toshi. Ta goge agwagwar da rigarta.

Ko da ta isa asibiti, an riga an sa wa Ardis rigar shiga ɗakin aiki. Ta ƙara ƙanƙancewa a kan gadon. Tana ganin agwagwar ta miƙo hannu biyu.

Ta karɓa, ta ɗora a ƙirjinta, ta rufe ido. Ta daɗe a haka.

Sannan ta ce, "Tessa, matso kusa. Takalmanki duk taɓo."

"Na yi sauri ne, Mama."

"To. Ki saurare ni, yau kam ki bar ni in kai ƙarshe. Wallahi tsoro nake ji. Idan ban tashi ba, ki faɗa wa Dwayne a zuba tokata a nan ciki, tare da ta babansa. Mun yi wa juna alkawari. Ke nake ba wa amanar nan, don ke ce a gabana. Kin ɗauka?"

Tessa ta buɗe baki za ta ce ta ɗauka. Sai ta hango tsohuwar nan kwance har abada cikin tokar itacen Lyle da tsakuwar bakin tafki. Ta zube a gaban gadon.

"Mama, ba shi ba ne. Ba ya ciki. Ni na fitar da ita bakin titi don in gyara murhu, Lyle ya ɗauka bai sani ba, ya zazzage a tafki. Wannan tokar itace ce, ni na zuba. Ki yafe mini, Mama. Kin so ki faɗa mini, na hana ki."

Ardis ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba. Hawaye ne kawai ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne.

Ta ce, "Tun da kika miƙo mini na sani. Shekara da shekaru ina ɗaga shi. Na san nauyin mijina."

Tessa ta kifa kai a jikin gadon.

"Jira nake in ga ko za ki bar ni in shiga wajen nan rungume da ƙarya. Da kin bar ni, da ko na tashi ba ni ba ke."

Ma'aikatan jinya suka shigo da gadon turawa. Ardis ta ɗaga musu hannu su dakata.

"Wane gefen tafkin?"

"Wajen ciyayin nan, Mama, inda hanya ta ƙare."

"Na san wajen. To, ki faɗa wa Dwayne, idan ban tashi ba, can za ku kai ni." Ta miƙa mata agwagwar. "Ungo. Ki zubar da abin da kika zuba."

Haka aka tura ta, hannunta babu komai. Tessa ta zauna a baranda da jiƙaƙƙen wando, ta kira mijinta ta faɗa masa komai da bakinta. Dwayne ya saurara har ta gama, ya ce zai kira ta, ya kashe. Sai da jirginsu ya tsaya ya sake yi mata magana.

Allah ya yi da sauran kwana, Ardis ta tashi. Amma da aka sallame ta, ta ce ba za ta koma gidan ba. Ta sa aka nema mata ɗaki a gidan tsofaffin da ke kusa da tafki, ta zaɓi wanda tagarsa ke kallon ruwa.

Ta yafe wa Tessa, ta faɗa a gaban ɗanta. Tessa tana kai mata abinci, tana tura ta a keken marasa lafiya har bakin ruwa duk sanda ta nema. Idan sun isa, Ardis takan ce, "Ki ɗan ja baya, 'yar nan, zan yi magana da mijina." Tessa sai ta koma can nesa ta tsaya cikin iska, har sai an kira ta.

Darasi: Abin da kake gani tarkace ne a gidan wani, wataƙila shi ne duk abin da ya rage masa a duniya. Kafin ka taɓa, ka tambaya, kuma idan babba ya fara magana ka bar shi ya kai ƙarshe. Idan kuwa ka riga ka yi ɓarna, ka faɗi gaskiya da bakinka, ko da ba za ta dawo da abin da ya tafi ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, musamman wanda kuka san hannunsa na ƙaiƙayin gyaran gidan da ya tarar.