Hoton Baba Ciɗo a tashar Bambeye

Akwai wani mutumin Tahoua mai suna Attahir. A shekarar 1999 ya dawo daga Abijan da kwamfuta da wata ƙatuwar na'ura mai buga manyan hotuna masu launi. Lokacin zaɓe ne, jam'iyyu sun yi masa caa, kowa na son afish, wato manyan takardun nan da ake mannawa a bango. Kafin ka ce me, kan Attahir ya kumbura.

Kusa da shagonsa akwai Alƙasum, wani dattijo da ya yi shekara talatin a wata maɗaba'a a Yamai, ya dawo gida yana rubuta allunan shaguna da buroshi. Wata rana ya leƙo, ya taɓa afish ɗin da ya fito, yatsansa ya yi baƙi.

Ya ce, "Attahir, tawada ta yi yawa. Wurin duhu kana zuba shuɗi da ja da rawaya, sannan ka ɗora baƙi bisa. Rage ukun nan, ka bar baƙar tawada ta riƙe duhun. In ba haka ba, fuskar baƙin mutum toshewa za ta yi."

Attahir ya yi dariya har da buga cinya. "Tsoho, mi ka sani ga kwamfuta? Mutane sheƙi suka so. Koma ga buroshinka."

Alƙasum ya goge yatsansa a riga, ya fita.

To, Attahir yana da uba, Baba Ciɗo, wanda tsufa ya fara taɓa masa hankali. Kullum maganarsa zai tafi gona, alhali rabonsa da gona ya fi shekara goma. Ranar wata Lahadi, kasuwa na ci, aka neme shi aka rasa.

An duba masallatai, an duba asibiti, an bi bakin tabki. Babu. Wani ɗan kamasho ya ce ya ga wani tsoho ya hau motar 'yan kasuwa, amma ta wane gari, oho.

Ga shi tsohon nan bai iya faɗin sunan garinsu, kuma sai an tuna masa yake shan ruwa.

Hoto ɗaya ke gare su. Baba Ciɗo baƙi ne wuluk, ga malfa ta yi wa fuskarsa inuwa. Abin da kowa ke gane shi da shi, tsaga uku-uku a kumatu da wani tabo a kan girar hagu. Attahir ya buga afish hamsin yadda ya saba. Bai tsaya dubawa ba, ya raba wa direbobi, aka kai Affala da Takanamat da Bambeye.

Litinin shiru. Talata shiru. Laraba ma haka.

Abinci ya gagari Attahir. Duk motar da ta tsaya sai ya zabura, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗauka labarin gawa aka kawo. Ranar Alhamis wani direba ya dawo masa da takarda guda, ya ce, "Attahir, wanga hoto wa za shi gane shi? Malfa kawai ni ka gani."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Wallahi ko shi da ya fito daga tsatson mutumin bai ga ubansa ba. Fuska ta zama dunƙulen baƙi mai sheƙi, ba tsaga, ba tabo.

Ya daɗe tsaye a ƙofar shago. Taku goma ne zuwa rumfar Alƙasum, amma ranar sun yi masa nisa. Da ya isa sai ya durƙusa.

"Baba Alƙasum, na yi maka rashin kunya. Ubana ya ɓace kwana huɗu. Don Allah..."

Dattijon bai bari ya ƙarasa ba. "Tashi, ɗana. Ciɗo abokina ne tun kahin a haihe ka. Mu tahi."

Alƙasum bai san ko maɓalli ɗaya ba, amma yana da ido. Ya zauna gefen kwamfuta yana cewa, "Rage shuɗin nan. Rage jan. Ƙara ragewa, kak ka ji tsoro. To, yanzu ba baƙar tawada hanya." Suka buga gwaji, bai yi masa ba. Suka sake. A na uku takarda ta fito a bushe, ba sheƙi, amma ga tsaga uku-uku, ga tabon gira, ga Baba Ciɗo sak. Attahir ya fashe da kuka. A ranar ya buga sababbi, ya sake raba wa direbobi.

Washegari Juma'a da hantsi, direban nan ya shigo a guje. Ya ce a tashar Bambeye yana cikin manna sabon hoton, wata mai fura ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Wanga ai tsohon da ke rumfata ne!"

Da Attahir ya isa Bambeye, ya tarar da ubansa zaune a kan tabarma a rumfar matar, sunanta Lalla. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, amma yana da rai. Tun Lahadi take ba shi fura, mijinta na kai shi zaure ya kwana.

Tana ta ba shi haƙuri. "Ɗan'uwa, da na sani da tuni na aiko. Na tambaye shi garinsu, sai ya ce gona za shi."

Attahir ya ɗaga kai zai yi mata godiya, sai idonsa ya kai kan bango. A jikin bangon rumfar, daidai saman kan tsohon, ga afish ɗinsa na farko, baƙi ƙirin, yana ta sheƙi.

Lalla ta bi idonsa da kallo, ta ce, "Wannan? Tun Litinin aka manna shi. Kullum a ƙarƙashinsa yake zama."

Darasi: Sabon kayan aiki ba ya maye gurbin idon wanda ya daɗe a sana'a. Kada ka raina mai yi maka gyara don kawai bai iya na'urarka ba, domin ranar da girman kai zai ci ka, mai yiwuwa wanda ka fi so ne zai sha wahalarsa. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu sana'ar da suka daina jin magana.