Kaskon Dankalin Gizo da Haƙorin Baba Burgu

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu zagaye da murhuna!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka Tabawa!"

Na rantse ba za ku yarda da wannan ba. Malamin da ya kore ni daga aji uku ma bai yarda ba, har sai da na nuna masa kaskon. Ku gyara zama, kuma kowa ya ɗauke idonsa daga dankalin da kuka binne a toka, ni zan kula muku da shi.

Gizo ne ya auri Lantana, 'yar Baba Burgu da Inna Gafiya. Da aka yi girbi sai ya ce za su je gaida surukai. Tun a hanya Lantana ta ja masa kunne. Ta ce, "Maigida, na san cikinka. In an kawo maka abinci ɗakin baƙi, ka ci, ba mai ganinka. Ka dai rage kaɗan a kwano, kunyar ke nan."

Gizo ya ce, "Ke, yi mini shiru. Kunyar da zan nuna a gidanku, sai an yi shekara ana labarinta."

Da suka isa, ya tuɓe takalmansa takwas tun daga zaure, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar zai shige ƙasa. Baba Burgu ya yi murmushi, haƙorinsa ɗaya tak da ya rage ya leƙo. Da shi yake fasa goro, da shi yake gutsurar ƙuli-ƙuli, kullum da safe sai ya goge shi da asuwaki kamar mai wanke jariri.

Aka aika wa Gizo tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya buɗe, ya shaƙa, ya rufe, ya ce, "A mayar, na ƙoshi." Inna ta ce, "Kai, wannan yaro da kunya yake!"

Aka aika masa dambu da man shanu. Ya buɗe, ya haɗiye yawu, ya rufe, ya ce, "A mayar, na ƙoshi." Inna ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabta.

Aka aika masa fura da nono mai sanyi. Ya buɗe, hawaye ya zubo masa, ya rufe, ya ce, "A mayar." Baba Burgu ya ce, "A duk garin nan ba wanda ya yi dacen suruki irina."

Da gari ya waye, cikin Gizo yana kuka kamar kwaɗi a tafki. In ya nemi abinci yanzu, sunan da ya yi ya zube. In bai nema ba, shi ne zai zube. Sai ya hango buhun dankalin turawa jingine a ƙofar madafa, dabara ta faɗo masa.

Ya je ya durƙusa ya ce, "Inna, yau ku huta. Ni zan yi wa gidan nan karin kumallo. Akwai wata suyar dankali da ƙwai da na koyo a Jos, wadda ko matar sarki ba ta iya ba."

Inna ta riƙe baki ta ce, "Suruki a madafa? A'a, ɗan nan, me duniya za ta ce?"

Gizo ya ce, "Za ta ce kun haifi ɗa. Sai dai girkin yana da sharaɗi, in ido ya gan shi kafin ya nuna, ɗaci yake yi."

Lantana ta harare shi, don ta san ko hanyar Jos bai taɓa bi ba, amma ba ta tona shi ba. Aka ba shi dankali, da ƙwan zabi goma, da albasa, da attaruhu, da man gyaɗa. Ya rataya tabarma a ƙofa.

Gaskiya dai, yara, Gizo ya iya aiki in cikinsa ne zai amfana. Hannu biyu suna fere, biyu suna yanka, ɗaya yana fifita wuta, ɗaya yana juya kasko. Mai ya yi zafi, dankali ya shiga, caaa! Albasa ta bi, attaruhu ya bi, gefen dankali ya yi ja, ƙamshi ya tsallake katanga.

Gizo ya ce, "Bari in ji gishiri." Ya kwashe gefe guda. Ƙadangare yana manne a bango, ya gyaɗa kai ya ce, "Malam Gizo, ɗanɗano ne wannan ko ci?" Gizo ya ce, "Aikin masana ne, ba ruwanka."

Ya ce, "Bari in ji yaji." Ya kwashe ɗaya gefen. Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida, "Ɗan nan, ya yi?" Ya amsa da baki cike, "Saura kaɗan, Inna!"

Ya ce, "Bari in ji ko tsakiyar ta nuna." Da ya ɗago kai, ba komai a kasko sai mai da silin albasa uku. Ƙadangare ya ce, "To, ta nuna?"

Nan Gizo ya zabura. Ya zazzage buhu, ba ko ɗaya. Ya waiwaya, sai ga tsakuwar rafi da Inna take tarawa a gindin randa, sumul-sumul, daidai girman yankan dankali. Ya wanke ta, ya juya ta a mai, ya barbaɗa kurkum ta yi rawaya, ya kaɗa ƙwan nan goma ya malala a kai, ya jera albasa. Wallahi in kun gani sai yawunku ya tsinke.

Ƙadangare ya ce, "Akwai tsoho mai haƙori ɗaya a gidan nan fa." Gizo ya ce, "Kafin a kai loma baki na kai bakin kasuwa. In an tambaya, a ce tun daga gona aka kwaso dankalin da tsakuwa."

Ya ɗauko kasko ya dire a kan faranti a tsakiyar tabarma, ya juya zai fita. Inna ta ce, "Ina za ka? Ba ka ci namu ba, ka ciyar da mu. Zauna daga gefe, Baba zai sa maka albarka in ya yi lomar fari." Lantana ta ja tabarma ta tare hanya. Dole Gizo ya zauna.

Baba Burgu ya wanke hannu, ya zaɓi yanki mafi girma. Gizo ya ce, "Baba, da zafi, a bari ya huce." Baba ya hura, ya ce, "Ya huce."

Gizo ya ce, "Baba, mutanen Jos ƙwan sama kawai suke ci, na ƙasan ado ne." Baba ya yi dariya ya ce, "Nan ba Jos ba ce." Ya shafa haƙorinsa ya ce, "Kai abokin tafiya, yau za ka ci girkin ɗana."

Ɗana. Kalmar nan ta soki Gizo. Ya tuna ranar da ya zo neman aure ba ko kwabo, tsohon nan ya fasa goro da wannan haƙori ya miƙa masa rabi. Loma ta kusa baki, sai Gizo ya yi tsalle ya cafke hannun surukinsa, abin da ba a taɓa yi ba a garin, ya ce, "Baba, kada ka tauna!"

Loma ta faɗi a faranti. Ƙwal!

Inna ta sa cokali ta juya kasko: ƙwal, ƙwal, ƙwal. Kuma a daidai lokacin ne cikin Gizo ya ci amanarsa, ya saki gyatsa mai ƙamshin albasa da attaruhu. Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Ɗan nan, sau uku na aika maka abinci. Da ka ce yunwa kake ji, wa zai yi maka dariya?"

Baba Burgu ya ce, "Haƙorina ya tsira, saboda haka ba zan kore ka ba. Amma za ka je gona ka haƙo wani dankalin, ka soya shi a nan tsakar gida, ba tabarma a ƙofa. Sa'annan ka zauna a gabana ka ci, muna kallo."

Haka aka yi. Maƙwabtan da aka yi wa labarin kunyarsa suka jeru a kan katanga, Ƙadangare yana gaba yana gyaɗa kai. Gizo ya haƙo, ya fere, ya soya. Aka zuba masa nasa. Baba ya ce, "Bisimilla, ɗana." Gizo ya ɗauki loma, ya dubi Inna, ya dubi haƙorin nan, kunya ta hana shi kai ta baki. Sai ya ajiye, ya kama bango, ya hau, ya hau, har ya shige lungun rufin madafa. Yana nan har yau, hayaƙi ya mayar da shi baƙi, yana leƙen kasko daga sama, ya kasa saukowa.

To kun ji, yara. Wanda ya ɓoye yunwarsa don a yabe shi, kunyar da zai sha daga baya ta fi wadda ya guda. In kana so, ka ce kana so.

Ƙungurus kan kusu, ba don Gizo ba da na...

"Kaka, ina dankalinmu? Biyar muka binne, ba ko ɗaya a toka!"

Ƙadangare ne, na gan shi da idona.

"Kaka, ga ɓawo nan a kan zanenki!"

To, to, ku daina ihu, kada iyayenku su ji. Dubawa na yi ko ya nuna. Ku miƙo mini kaskon nan da wuƙa, gobe karin kumallonku a wuyana yake.